Ɗan gari ma yana da haƙƙin kwana a babban otal ɗin garinsu

A Birnin Kebbi, da zarar an ga motar mutum a harabar babban otal alhali gidansa yana Badariya ko Gesse, an gama yanke masa hukunci: ko almubazzaranci, ko wani abu yake ɓoyewa. Wannan zato ba adalci ba ne. Magidancin da ya yi wata shida yana kwana cikin gumi, yara a ka, baƙi a zaure, ya ɗauki maiɗakinsa su je su yi kwana ɗaya inda babu mai ƙwanƙwasa ƙofa, bai yi laifin komai ba. Kuɗin halal ne, matar aurensa ce. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutanenmu ke biyan kuɗin su fito ba su samu abin da suka je nema ba, don ba su san abin da za su tambaya ba.

Ɗan gari ba gado yake saye ba, yana da gado a gida. Wuta yake saye, da sanyi, da shiru. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi kan haura digiri 40, don haka tambaya ta farko tun a waya ita ce: idan an ɗauke wutar Nepa da rana, kuna tayar da janareta, ko sai dare? Otal da yawa suna kashe inji da hantsi saboda tsadar man gas, ba sa kunnawa sai magariba. Wasu suna da sola, amma tana ɗaukar fitila da fanka da talabijin ne kawai, ba ta jan na'urar sanyaya ɗaki. Tun Afrilun 2024 da aka ƙara kuɗin wuta ga layin Band A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, masu otal suka ƙara tsuke hannu. Ka sa a faɗa maka awannin inji ƙarara kafin ka tura ko sisi.

Kada ka biya sai ka ga ɗakin da idonka, wannan ita ce ribar zama ɗan gari. Ka kunna na'urar sanyin, ka jira. Injinta na waje yakan ɗauki kamar minti uku kafin ya tashi. Bayan minti goma ka sa tafin hannu a bakin iskar. Idan iska ce kawai babu sanyi, galibi ɗayan uku ne: gas ɗinta ya zurare, ko ƙurar hunturu ta toshe ragar tace iska, ko wutar ba ta da ƙarfin tayar da injin. Kada ka tsaya jiran gyara, ka nemi wani ɗakin. Ka guji bene na ƙarshe da ɗakin da tagarsa ke kallon yamma, bangon yana shan rana har la'asar sakaliya, ya kwana yana amayar da zafin. Sannan ka ɗaga zanin gado, ka haska ɗinkin gefen katifa da fitilar waya. Ɗigo-ɗigon baƙi a wurin alamar kuɗin cizo ne, kuma idan ya shiga jakar Hajiya, ka kai wa gidanka aikin wata uku. A banɗaki ka buɗe shawa ka ga ƙarfin ruwa, ka duba sakatar ƙofa.

Shiru kuwa ya dogara da ranar da ka zaɓa. Manyan otal ɗinmu suna ba da hayar ɗakin taro, Juma'a da Asabar na biki ne, kiɗa har tsakar dare. Talata ko Laraba ta fi, kuma a ranakun ne ake iya neman ragi a samu. Lokacin bikin kamun kifi na Argungu ko babban taron siyasa, ɗakuna kan cika har Birnin Kebbi, farashi ya tashi, ka bar wa baƙi. Ka roƙi ɗaki nesa da gidan janareta.

Lissafi ma yana cin mutane. Ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 da ladan hidima, wanda wasu ke sa kashi 10. Ɗakin da aka ce naira 60,000 ne, idan aka ɗora biyun ya zama 70,500. Abin da ke cikin firij ɗin ɗaki ba kyauta ba ne sai an ce kyauta ne. Karin kumallo na mutum ɗaya ne ko biyu, ka ji tun farko. Galibi ana karɓar ɗaki da ƙarfe 2 na rana, a bar shi 12 na ranar gobe, awa 22 ke nan. Wanda ya ɓuya sai bayan isha'i don kada a gan shi, ya shiga ƙarfe 9, ya zubar da awa bakwai da ya biya.

Maganar a gan ka ɗin nan, gara a tare ta gaba da gaba. Muna jihar da ke da Hisbah, kuma mai otal yana da damar tambaya. Ku tafi da katin shaidar ɗan ƙasa ku biyu, da takardar shaidar aure idan akwai, ka rubuta sunanka na gaskiya a rajista, ka karɓi rasit. Ka gaya wa Inna ko yayanka inda kuke, yara a bar su hannun wanda aka amince da shi. Ku saka buta da darduma a jaka, don ba kowane ɗaki ke da su ba, kuma ka tambayi alƙibla a wurin karɓar baƙi tun kafin la'asar ta riske ku.