Me ke sa mai turka rago da falke su gyara sana'arsu?

Wata uku ko huɗu kafin Sallar Layya, gidaje da yawa a Tawa da ƙauyukanta suna kafa turke. Mata sun fi yawa a harkar, wasu da kuɗin adashe, wasu da rancen asusun Mata Masu Dubara. Ƙungiyoyin tallafi kan zo su yi taron horo, a raba takardu a watse, baɗi a tarar da kiwon yana nan yadda aka bar shi. Daga nan sai a ce mutanenmu ba sa son canji. Ban yarda da wannan magana ba. Mai kiwo yana gyara aikinsa ne idan ya ga kuɗin gyaran ya dawo hannunsa da riba, kuma kasuwarmu ba kullum take mayar masa ba.

Gyaran kansa ba ɓoyayyen abu ba ne. A zaɓi rago mai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wanda ya fitar da manyan haƙora biyu, mai dogon jiki da faɗin ƙirji, Balami ko Uda, ko Ara-ara ga mai ƙaramin jari. A ɗaure shi nesa da dabbobin gida har mako biyu, a ba shi maganin tsutsar ciki, a yi masa allurar rigakafin PPR, annobar tumaki da awaki, idan ba a yi ba. Dussa kuwa da kaɗan ake farawa, tafin hannu ɗaya ko biyu, ana ƙarawa cikin kwana 10 zuwa 14 har ta kai kamar rabin kilo ko fiye a yini, tare da harawa, ɗan gishiri ko kanwa, da ruwa mai tsabta safe da yamma. Wanda ya ɗura wa sabon rago dussa ko ragowar hatsi lokaci ɗaya zai wayi gari ya ga ciki ya kumbura, zawo ya tsinke, dabbar ta ƙi ci, saboda tumbinta bai saba ba. Mako biyu na ƙiba sun tafi ke nan, in ma ragon ya rayu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne. Abin da ya fi cin jari shi ne abinci, musamman yanzu da Layya ke faɗowa a ƙarshen rani, lokacin da damin harawa ya fi tsada. Mai dabara tun kaka yake saye, a watan Oktoba ko Nuwamba, ya ajiye a inuwa. Harawar da aka jibge bisa soro rana ta dafa ta wata biyar, ganyenta kakkaɓewa yake, sai kara ya rage, alhali a ganyen amfanin yake. Kowa ya san haka. Amma matar da ba ta da kuɗi a hannu lokacin kaka, sanin bai amfane ta da komai ba. Rancen da ya zo a watan Maris ya makara. Na Oktoba ne ke canza kiwo.

Sai ranar sayarwa. A kasuwar dabbobi ta Badagishiri ko Turaku ta Yamai da ido ake ciniki. Dillali ya dafa gadon baya, ya matsa gindin wutsiya, ya ɗaga leɓe ya dubi haƙori, ya faɗi kuɗi. Mai saye na Layya kuwa sau da yawa ƙaho da farin gashi da tsayi ne ke jan shi. Ragon da aka wahala a kansa kwana 90 yana iya tashi kusan kuɗi ɗaya da wanda aka cika wa ciki da ruwa da kanwa da asuba. Matar da ta turka shi ma galibi ba ta zuwa kasuwa. Miji ko ɗan uwa ke kai shi, ta karɓi abin da aka miƙo mata bayan an cire la'ada. Ta yaya za ta san ko dussar da ta ƙara ta biya? Ma'auni guda a kasuwa, da farashin da ake sanarwa a rediyo ko ta waya, sun fi taron horo goma tasiri.

Falke shi ma lissafi yake. Wanda ke lodin raguna daga Abalak zuwa Yamai yana rage cunkoso a mota, yana shimfiɗa yashi, yana tafiyar dare don gudun zafi, idan ya taɓa sauke mushe ko karyayye. Rago mai ɗingishi ko mai ido ɗaya bai halatta a Layya ba, sai dai mahauci ya karɓe shi da arha. Wanda kuma ke da abokin ciniki tsayayye, mai balangu ko mai kilishi da ke saye kowane mako, shi ne ke komawa wajen masu kiwon kirki har ya ba su kafin alƙalami. Ɗan cin kasuwar salla kaɗai ba ruwansa da baɗi.

Akwai kuma hannun hukuma. Rufe iyakar Najeriya a 2019, takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 2023, faɗuwar naira, da hana fitar da dabbobi daga Nijar gab da Layyar 2025, duk sun taɓa masu kai kaya Najeriya ta Ƙonni. Hana fitarwa yana iya sauƙaƙa wa magidancin Yamai kuɗin rago, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai wadda ta sayi harawa tun Oktoba da tunanin kasuwa mai faɗi ita ke biyan bambancin. Idan za a ɗauki irin wannan mataki, a sanar tun kaka, kafin mutane su zuba jari a turke.