Baƙin man babur ɗinka, ka juye shi da hannunka ko da sau ɗaya ne

Ranar Asabar da hantsi ina tsugune a ƙofar gida, na kafe babur, na tara tsohuwar roba a ƙarƙashinsa baƙin mai yana tsiyaya, sai ga maƙwabcina ya dawo daga ɗaurin aure. Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ce, "Haba Malam, abin har ya kai haka? In kuɗin juyen ne ai da ka yi magana." Na ce, "Alhaji, ai sai ka kawo in ƙara na sayen mai." Muka yi dariya ya shige. Amma ba shi ne farkon wanda ya faɗa mini haka ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. A wurinmu magidanci mai albashi ba ya tsugunawa gindin babur sai in babu ta kama shi. To ni dai ba ladan yaron gareji nake gudu ba, don abin da ake ba shi bai kai kuɗin shayi da burodi ba.

Ni ma ban tashi da sifana a hannu ba. Mota nake hawa har zuwa 2023. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sai na lulluɓe motar da tamfol kamar yadda da yawanmu suka yi a Kano, na sayi ɗan babur mai bel, irin wanda ba a sa masa giya, murɗawa kawai za ka yi ka tafi. Watannin farko gareji nake kai shi juye. Duk wanda ya saba zuwa ya san ogan gareji ba ya taɓa wannan aikin. Na ƙaramin yaro ne, wanda aka kawo koyo shekaranjiya. Ina zaune a benci ina latsa waya, a ce an gama, in biya in tafi.

Wata rana sai na ji babur ɗin ya yi nauyi, yana ɗan hayaki. Aka buɗe gidan matatar iska, sai ga soson ciki ya jiƙe sharkaf da mai. A daren na lalubo ɗan littafin da aka ba ni ranar da na saya, wanda ban taɓa buɗewa ba. A rubuce yake ƙarara, injin yana cin 0.8 na lita a lokacin juye. Ni kuwa lita guda nake saye, yaron ya kifa ta duka har ya girgiza robar. Da na yi masa magana sai ya ce, "Oga, ai kai ka sayi abinka, in an rage asara ce." Wallahi ba mugunta ba ce, a ganinsa alheri yake mini. Bai san in mai ya wuce ƙima, ƙarafan ciki kaɗa shi suke yi ya zama kumfa, ya riƙa neman hanyar fita ta bututun numfashin inji da ta bakin robobin da ke tare shi ba. Kumfa kuwa ba ta shafe ƙarfe. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to ban da a nan. A nan geji, wato ɗan tsinken auna mai, shi ne mudu.

Kuma wannan ƙarami ne a cikin abubuwan da na riƙa lura da su da na fara ajiye waya ina kallo. Akwai masu zuba fetur ko kalanzir a cikin inji wai a wanke shi, sai ragowar ya tsinka sabon man da ka saya da kuɗinka. Akwai masu jawo tiyon mai faci su hura iska ta bakin zuba mai, iskar da ke ɗauke da danshi da ƙura. Akwai masu tayar da inji babu ɗigon mai a ciki wai don sauran ya fito. Sai uwa uba ɗaure noti. Notin ƙarfe ne, jikin injin kuwa alminiyom ne mai laushi. Yaro ya sa sifana ya danna da iya ƙarfinsa, wani har da ƙafa, yau da gobe zaren ya cinye. Daga nan sai ka ga ana naɗa leda ko zare a jikin noti, babur yana ɗiga a duk inda ka kafe shi, uwargida tana mitar tabo a tsakar gida.

Aikin kansa bai kai yadda ake jin tsoronsa ba. Ka tayar da babur ya yi minti 3 zuwa 5 don man ya saki jiki, ka kashe, ka kafe shi a kan ƙafar tsakiya a wuri mai daidai. Ka goge kewayen murfin da tsumma kafin ka buɗe, musamman da hunturu, kada ƙurar da ta taru ta faɗa ciki. Ka tara roba, ka kwance notin ƙasa, a yawancin irin waɗannan babura sifana mai lamba 17 ce. Ka kiyayi salansa, ni ta taɓa yi mini tambari a hannu. Wajen mayarwa ka fara ɗaurawa da yatsu har ya zauna, sannan ka ɗan ja da sifana, ba kokawa ba ce. Ka duba ɗan zoben da ke wuyan notin, in ya baje ka sake shi. Ka zuba mai da mazurari kaɗan-kaɗan, ka tayar minti biyu, ka kashe, ka jira ya kwanta, ka auna. A nawa, littafi ya ce a ɗora gejin kawai ba tare da an murɗa shi ciki ba. Ka duba abin da naka ya ce.

Akwai abu guda da a duk zuwana gareji ba a taɓa buɗe mini ba. Waɗannan ƙananan injina yawancinsu ba su da matatar mai ta takarda irin ta mota. Abin da suke da shi wata 'yar rariya ce ta waya, kamar ta tace shayi, a bayan wani murfi mai sifirin. Ranar da na fara buɗe tawa, sifirin ya yi tsalle ya faɗa cikin baƙin man, na yi ta lalube da yatsa. Rariyar kuwa ta yi ɗamɓa-ɗamɓa da dauɗa. Shawarata, ka ɗauki hoton yadda suke jere da waya kafin ka wanke ka mayar. Rashin matatar kirki, ga inji mai sanyaya da iska kawai, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga cunkoso da ƙura, su suka sa ni ba na wuce kilomita 1,500 ban yi juye ba, ko da littafi ya ba ni damar fin haka. Wannan ra'ayina ne, wani zai ce ɓarna ce. Ina rubuta lambar kilomitar da alli a cikin murfin kujera.

Babur mai bel yana da wani man na biyu a can baya kusa da taya, man giya, wato na haƙoran da ke juya tayar, ɗan kaɗan ne, wajen 0.1 na lita, da sirinji nake zuba shi. Na san masu irin babur ɗina da suka yi shekara biyu ba su san da zamansa ba, sai da baya ya fara kuka.

Sai maganar wane mai. Mutanenmu da yatsa suke gwada mai, in ya yi yauƙi da kauri a ce mai kyau ne. Kauri ba shaida ba ce. Lambobin da ke jikin roba, irin su 20W-50 ko 10W-40, su ke gaya maka halinsa: ta farko yadda yake gudu in inji yana sanyi, ta biyu kaurinsa in ya ɗau zafi. Sannan akwai alamar JASO, ma'aunin da Japanawa suka fitar don man babura. Roba-roba da sauran masu giya da sarƙa, kulocinsu a cikin man inji yake wanka, don haka JASO MA suke so. In ka zuba musu wasu irin man mota masu yawan santsi, kuloci ya riƙa zamewa, ka ba shi wuta yana ihu ba ya tafiya. Mai bel kuwa kulocinsa a bushe yake a waje, shi aka yi wa JASO MB, ko da yake MA ba ya cutar da shi. Ina da shekara uku a kan babur, ban taɓa jin mai sayar da mai ya tambaye ni wane iri nake hawa ba.

A gefe guda, dattawan da suka hau tsohuwar Vespa ta Italiya, kamar mahaifina, Allah ya jiƙansa, a cikin fetur suke zuba mai, wajen kashi 2 cikin 100, don wancan injin tare yake ƙona su. Har yau wani dattijo zai ba ka shawarar ka ɗan ɗiga wa tanki baƙin mai "don inji ya yi laushi". Ka ce masa to Baba, ka gode, amma kada ka yi. Injinka ba irin nasa ba ne, fulogi kawai za ka kashe.

Man awo na kwalba da ake jerawa a bakin titi ba na kusantarsa, araha ba ta ado. Ba ka san ko ɗanyen mai ne da ba a sa masa sinadaran kariya ba, ko tsohon juye aka tace. Ko na roba mai hatimi ma sai ka duba bakin da kyau, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha kama jabu a kasuwanni. Da na gama da roba huda ta nake yi da wuƙa, don masu bi suna tsinta ba duka ne don zuba manja suke tsinta ba.

Amma babban abin da na samu shi ne ganin abin da ya fito. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙi kaɗai ba laifi ba ne, aikin mai ke nan ya kwashe dauɗa. In ka ga ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, wataƙila ranar da ka kutsa ambaliya da damina. In yana ƙyalli a rana kamar an barbaɗa kwalli, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. In yana warin fetur, a duba kabireto. In ka zuba 0.8 ya fito bai kai rabin lita ba, injin yana sha ko yana zubarwa. Yaron gareji yana ganin duk wannan, amma ba babur ɗinsa ba ne, kuma ga mutum uku suna jira.

Kada wani ya ɗauka ina rage wa kanikawa kasuwa ne. Saitin bawul, canjin bel, matsalar wuta, duk wurinsu nake kaiwa, kuma ogan da nake zuwa wurinsa ya fi sakin jiki da ni yanzu da nake iya gaya masa abin da na gani. In bayanka ba ya barin ka tsuguna, ko ke 'yar'uwa ce da ba za ki iya yi a ƙofar gida ba, to a sayi man da kai, a tsaya a kan aikin, a faɗi ƙimar da littafin babur ɗin ya ce, a karɓo ragowar.

Tsohon man kuma don Allah kada a tuttular a kwata ko a masai. Ƙasar da yake nutsewa ita ce rijiyoyinmu da burtsatsenmu suke ciki. Ni a jarka nake tarawa, masu buga bulo su karɓa su shafe ƙarfen bugu. Hannu kuma da garin sabulu da ɗan yashi ake wankewa, ba da fetur ba.

Af, Alhajin nan da ya yi mini tayin kuɗin juye, ranar Lahadi da yamma ya aiko ɗansa wai in ara masa sifana 17 da mazurari, za su gwada a roba-robar yaron. Yau Laraba, har yanzu ban ga sifanata ba.