"Kun gane?" "Eh mushe!": wannan amsar ba shaida ba ce

Ga duk ƙanena ko ƙanwata da ke shirin riƙe alli, ko kana makarantar horon malamai yanzu ko kuma an ɗauke ka kwantiragi za a tura ka wani ƙauye a Mirya ko Magarya ko Tanut, akwai tambaya guda da nake roƙon ka daina dogara da amsarta, ita ce "kun gane?". Aji cike da yara za su amsa da murya ɗaya "eh mushe!" (wato monsieur, malam) har na ajin da ke maƙwabtaka su ji, kai kuma ranka ya yi sanyi ka goge allo ka wuce darasi na gaba, alhali wallahi amsar nan ba ta gaya maka komi ba. Yara biyar na gaba ne suka fara, sauran suka bi sautin, na bayan aji kuwa baki kawai ya motsa don kar a gan shi shiru.

Dalilin da ya sa abin ke damuna shi ne sakamakonsa muna ganinsa. Binciken PASEC na 2014, wanda ke auna ƙwarewar ɗaliban firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cikin ɗaliban ƙarshen firamare a Nijar ko ɗaya cikin goma bai kai matakin da ake so a karatu ba, a na 2019 an samu ci gaba ya kai wajen uku cikin goma. Sauran fa? Shekara shida suka yi suna amsa "eh mushe", daga CI (aji ɗaya) har CM2 (aji shida), kuma babu wanda ya tsaya ya duba ko da gaske ne.

Ni a ganina duk ilimin halayyar yaro da ake koya muku amfaninsa guda ne, ya ba ka ido da za ka ga abin da ke cikin kan yaro. In ka haddace Piyaje, masanin halayyar yara, da matakansa huɗu na girman tunanin yaro don kawai ka ci jarabawa, to ka yi wa kanka irin karatun da nake gudun ka yi wa yara. Abin da Piyaje, mutumin ƙasar Suwis, ya ce a kan yaro mai shekara 7 zuwa 11 shi ne tunaninsa yana tafiya ne da abin da yake gani yake taɓawa, ba da zance a iska ba. Ma'ana ranar da za ka koyar da rabawa a CE1 (aji uku) ka shigo da tsakuwa ko ƙwallon dabino ko karan dawa, ka bar su su raba da hannunsu tukuna, alƙalumma su biyo baya. Ba ya buƙatar ko dala.

Kuma tun da na ambaci dala, ku dubi yarinyar da ke tallan ƙosai ko gyaɗa a bakin kasuwar Dole. Ka sayi na dala talatin da biyar ka miƙa mata dala ɗari (dala ɗaya sefa biyar ce), kafin ka rufe baki ta ba ka canjin sittin da biyar, ba takarda ba biro. Ita ɗin ce gobe da safe za a rubuta mata 500 a cire 175 a kan allo, a karanta mata da Faransanci, ta tsaya tana kallon ƙasa, a ce ba ta da kai. Lissafi ɗaya ne fa! Wasu masu bincike, Carraher da Schliemann, sun gwada irin wannan da yara masu talla a birnin Resife na Birazil, aikin ya fito a 1985, suka tarar yaran suna cin lissafi sosai a wurin ciniki amma in an mayar musu da shi a takarda sai su faɗi. To malamin da ya san haka ba zai fara daga cewa yarinyar nan ba ta san komi ba, zai fara daga abin da ta iya, ya ce mata yi mini da kuɗi yadda kika saba, sannan a hankali ya nuna mata yadda ake rubuta abin da kanta ya riga ya yi.

Wannan shi ne zancen Vigotski, masanin halayyar yara ɗan Rasha da ya rasu a 1934 yana da shekara 37 kacal. Ya ce akwai abin da yaro ke iya yi shi kaɗai, akwai wanda ba zai iya ba ko an taimaka masa, sai kuma na tsakiya wanda zai iya in wani ya kama masa, kuma a nan tsakiyar koyo yake. Dukawanmu na Damagaram sun daɗe da sanin haka, ba a miƙa wa sabon yaro fata mai tsada ran farko a ce ya ɗinka jaka, guntaye ake ba shi yana yi maigida na duba hannunsa, yana gyara masa riƙon basilla, har ranar da zai bar shi. Amma ta yaya za ka san inda tsakiyar nan take ga kowane yaro in duk abin da kake ji amsar taro ce?

Hanya ta farko kun san ta, ana koyar da ita, sai dai ana raina ta: ƙaramin allon hannu, abin da ake kira tsarin La Martinière. Ka yi tambaya, kowa ya rubuta amsarsa, ka buga tebur kowa ya ɗaga allonsa sama. Cikin ƴan daƙiƙu ka ga aji gaba ɗaya, ka ga wanda ya rubuta 31 a maimakon 13, ka ga wanda allonsa fari fat, ka ga wanda yake leƙen na kusa. Wanda ya juya alƙalumman nan kar ka daka masa tsawa, ka ce ya gaya maka yadda ya yi, domin kuskuren yaro yana da dalili kuma dalilin ne darasinka na gobe. In ka saba dukan mai kuskure, abin da za su koya shi ne ɓoye allon.

Ta biyu ita ce haƙuri bayan tambaya. Wata malama a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a shekarun 1970 ta ga malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya ne bayan sun yi tambaya kafin su ba da amsa da kansu ko su nuna wani, da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye sai amsoshi suka ƙara tsawo kuma yaran da ba sa magana suka fara ɗaga hannu. Can fa yara ne da ake tambaya da harshen gidansu. Namu sai ya ji Faransancin, ya mayar da shi Hausa ko Barbarci ko Fulatanci a ransa, ya nemo amsa, ya sake mayar da ita Faransanci, duk a cikin ƙwaƙwalwar da masana suka ce abubuwa kamar huɗu kawai take iya riƙewa a lokaci guda. Daƙiƙa ɗaya ina za ta ishe shi? Ka ƙirga biyar a zuciyarka, ka hana masu "moi monsieur" kaɗa yatsu, ka kira ta bayan aji da sunanta.

Shi ya sa ma ban ga laifin malami ya yi bayani da Hausa ba in ya ga an ɓace. A nan Zinder aka fara gwajin koyarwa da Hausa tun 1973, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka ba abin kunya ba ne ka ce wa yaro "faɗa mini da Hausa tukuna", in ya faɗa daidai ka san matsalar harshe ce ba ta fahimta ba, maganinsu kuma daban-daban ne.

Na san abin da za a ce mini, aji ya cika maƙil, wani ajin ma na zana ne da sai damina ta wuce ake kafa shi, albashin ɗan kwantiragi ba ya kai wata, ga manhaja dole a gama, ga sufeto zai zo ya duba ko kana kan darasin da ya kamata. Duk gaskiya ne kuma hakkin hukuma ne ta gyara, ba zan ɗora wa matashin malami abin da ba shi ya jawo ba. Amma gama manhaja da yara ƙalilan a bar sauran a baya ba gamawa ba ce, malamin CE2 (aji huɗu) ne zai gaji yaran da ba su iya haɗa baƙi da wasali ba, shi ma ya tura su gaba haka. Roƙona ga masu duba ɗalibai malamai a lokacin gwajin koyarwa, bayan an duba takardar shirin darasi da tsabtar rubutu a allo, a ɗauko yara uku daga bencin baya a ba su tambaya ɗaya kan darasin da aka gama yanzu, a sa abin da suka amsa cikin makin da za a ba malamin.