Wai rashin aikin yi ne ya kai ni cikin teku

Hoto ɗaya tak na saka a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp ranar Asabar. Ni ne a bakin teku cikin baƙar rigar roba, allon hawan igiyar ruwa a hammata, haƙora duk a waje. Ban ko gama shanya rigar ba sai ga saƙon murya daga babban yayanmu: "To, mun ga hoto. Wato wannan ne aikin da ka bar Kano ka tafi yi? Magidanci da kai, da mata da 'ya'ya, ka rungumi katako kana wasa da ruwa. Allah ya kyauta." Ƙannena mata suka bi shi da sitikar dariya, ɗaya ta ce a goge kafin Hajiya ta gani. Na amsa da "Amin, Yaya", tunda ba a ja-in-ja da na gaba a cikin taro. Amma maganar ta tsaya mini a maƙogwaro, shi ya sa na kawo ta nan.

Wurin da aka ɗauki hoton sunansa Muizenberg, unguwa ce a gaɓar False Bay, kamar tafiyar rabin sa'a a mota daga tsakiyar Cape Town, a Afirka ta Kudu. Dutse ne a bayanka, teku a gabanka, layin dogo a tsakani, har jirgin ƙasan da ke zuwa Simon's Town yakan wuce dab da ruwa. A kan rairayin akwai jerin 'yan ɗakunan katako, ja da rawaya da shuɗi da kore, waɗanda kowane baƙo sai ya ɗauki hoto a gabansu. Ƙasan tekun a nan shimfiɗaɗɗe ne, zurfin yana ƙaruwa sannu a hankali, saboda haka igiyar ruwan ba ta fashewa da mugunta. Doguwa take tahowa, a natse. Wannan ne ya sa masu koyo suka fi yawa a wurin.

Yanzu hunturu muke ciki, don nan sanyi daga Yuni ne zuwa Agusta. Rana ba ta fitowa sai wajen takwas saura, sai mutum ya yi asubarsa, ya sha shayi, ya iso bakin ruwa gari bai gama wayewa ba. A wannan lokacin iska takan taso daga arewa maso yamma, daga tudu zuwa teku, ta tallafe fuskar igiyar ruwan ta miƙe sumul. Da zafi kuwa iskar kudu maso gabas ce ke busawa, ita kuma hargitsa ruwan take yi. Sanyin ruwan fa ba a magana. Taku na farko sai ka ji kamar an sare maka yatsun ƙafa, rigar robar nan ita ce kawai ke hana mutum sandarewa.

Kuma akwai kifin shak, ba zan ɓoye ba. Tun 2004 aka fara wani tsari da ake kira Shark Spotters: mutum yana zaune can saman dutse da tabaron hangen nesa, yana duban ruwa, yana magana ta rediyo da na ƙasa. Tuta ake kafawa. Koriya, ruwa garau kuma ba a ga komai ba. Baƙa, ruwan ya yi duhu, ba a iya gani sosai. Ja, a yi hattara. Idan aka ɗaga fara jiniya ta yi kuka, kowa fitowa yake yi, ba mai tsayawa gardama. Ku dubi wannan da kyau: mutanen nan sun san akwai abin da zai iya cinye su a ruwan, sai suka ɗauki ma'aikaci ya riƙa gadi, suka ci gaba da shiga.

Wanda ya koya mini hawan igiyar ruwa abokin aikina ne, Musulmi ɗan asalin garin daga cikin waɗanda ake kira Cape Malay. Ya girme wa Yaya nesa ba kusa ba, gemunsa fari fat, yana da jikoki. Ranar Asabar ɗin tare muka shiga. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne kusan duk wasan jira ne da wahala. Ka kwanta rub da ciki a kan allo kana tuƙi da hannuwa, kumfa tana dukanka a fuska tana mayar da kai baya, ruwan gishiri a hanci, kafaɗu kamar za su cire. Idan ka wuce inda ruwan ke fashewa sai ka hau allon ka zauna, ƙafafu a ruwa, ka zuba wa teku ido. Igiyoyin ayari-ayari suke zuwa, sai a yi shiru, sai wani ayarin. Akwai ma ladabin abin: wanda ya fi kusa da inda igiyar ta fara karyewa shi ke da ita, ba a shiga gabansa. A gefena akwai wata tsohuwar Baturiya da furfura, da wasu samari baƙaƙe 'yan Khayelitsha, wata unguwar talakawa ta garin, da wani da na san likita ne. Ba mai tambayar wani matsayinsa.

Na faɗi, na sha ruwa, na rasa masu kyau da yawa. Can sai dattijon nan ya daka mini tsawa cewa wannan tawa ce, in tuƙa. Na juya allon ya fuskanci tudu, na tuƙa iya ƙarfina. Sai na ji bayan allon ya ɗaga, nauyina ya ɓace, ruwan ya karɓi tafiyar daga hannuna. Duk wanda ya taɓa sakar wa doki linzami a sukuwa ya san wannan lokacin da ƙarfin ya tashi daga naka ya koma na dabbar. Na dafa, na miƙe, gwiwoyi a lanƙwashe. A gefena bangon ruwa ne kore, hasken rana yana ratsa shi, ƙarƙashina kuma ba ƙara sai wani siririn sauti na allo yana yanka ruwa. Ban tuna da kuɗin haya ba, ban tuna takardar izinin zama da ake ta ja mini rai a kanta ba. Bai kai minti ɗaya ba aka gama. Na tsinci kaina a ruwa iya gwiwa ina ihu ni kaɗai, tsohuwar nan tana ɗaga mini babban yatsa daga nesa.

To wannan ne Yaya ya kira wasa da ruwa. Kuma wasan ne, ban musa ba. Abin da nake musu a kai shi ne wannan hukuncin namu cewa da zarar namiji ya yi aure, duk wani farin cikin da ba ya kawo kuɗi ko lada ya zama zubar da girma. Mace kuwa ba a ma fara maganar. Mun yarda magidanci ya kwashe awa huɗu a majalisa yana yanka naman mutane, wannan dattaku ne. Mun yarda ya zauna gidan kallo yana zagin alƙalin wasa saboda Arsenal. Amma ya motsa jikinsa don jin daɗi kawai, sai a ce ya zautu ko zaman Turai ya lalata shi. Sannan mu dawo muna mamakin yadda hawan jini da ciwon suga suke kwashe mana mutane tun ba su tsufa ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma akwai gaskiya a ciki. Wanda bai san inda zai samo cefanen gobe ba, ba ka yi masa zancen nishaɗi. Arewa ba ta da teku. Bakin ruwan nan da zafi akwai tsiraicin da ni kaina ba na kai iyalina. Kuma idan aka fito, kowa motarsa yake shiga da kofin kofi a hannu, ba mai ce maka zo mu karya. Wallahi a wannan lokacin nakan ji zan ba da allon da rigar gaba ɗaya a kan koko da ƙosai a ƙofar gidanmu, da mutanen da suka san sunan kakana. Amma duk wannan bai wanke mu ba. Samarin Khayelitsha ɗin nan ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne, da yawansu allon aro suke hawa. Shi kuwa dattijon, a ƙuruciyarsa doka ce ta hana shi taka irin wannan rairayi saboda launin fatarsa, dokar wariya ta 1953 da ba a soke ba sai 1990. A 1989 sai da Desmond Tutu, babban limamin Kirista, ya jagoranci mutane zuwa bakin tekun da aka keɓe wa farare, 'yan sanda suka tare su. Wasu sun sha bulala kafin su sami damar shiga ruwa. Mu ba wanda ya hana mu, mu muka hana kanmu.

Kuma kada a ce ba al'adarmu ba ce. Je ka Argungu ka ga masunta a kan gora cikin kogin Matan Fada, ka ga kabanci, tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa da hannu. Malamanmu kullum suna kawo maganar da ake danganta wa Sayyidina Umar, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Dokin mun riƙe shi. Iyon fa? Ni dai abin da na sani game da ruwa ina yaro shi ne dorina. Idan ka dawo daga kududdufi ido ya yi ja, fata ta yi furu-furu, ba sai an tambaye ka ba. A ce maka akwai aljanu, a ce ruwa yana cin mutum duk shekara. Yana ci kuwa, domin yara ba su fasa zuwa ba, a ɓoye suke zuwa, ba babba ko ɗaya a kusa. Yaya da kansa ya fi kowa iya nutso a unguwarmu, ya kuma fi kowa shan duka a kai.

Ban manta Bagwai ba, ƙarshen 2021, da kwalekwale ya kife da 'yan Islamiyya a madatsar Watari suna hanyar zuwa Mauludi. A shekarar ce kuma aka yi na Warrah a Jihar Kebbi. Lodin da ya wuce kima da rashin rigar kariya su ne manyan dalilai, na sani. Amma nakan tambayi kaina yara nawa ne a cikinsu aka taɓa nuna wa yadda mutum zai kwanta a kan ruwa ya jira taimako. Muna da Tiga, muna da Challawa, muna da Bagauda, ga kogin Kwara ga na Rima. Wurin iyo mai tsabta a birni kuwa sai a otal, da kuɗin da uban talaka ba zai biya ba, kududdufan ma an cike yawancinsu an yi shaguna. 'Yata ta fara koyon iyo a nan, a ajin mata zalla, malamarsu mace. Idan muka zo hutu, 'ya'yan Yaya nake so in kai, in dai zai bari.