Ba Veda ke tsara bautar haikali a Indiya ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk abin da mabiya addinin Hindu ke yi a haikali, daga tsofaffin littattafansu masu tsarki, wato Veda huɗu, ya fito. Ba haka abin yake ba. Ibadar Veda ta hadaya ce a gaban wuta: a zuba man shanu, a rera baitoci. Ba ta tsara yadda ake gina haikali ko hidimar mutum-mutumi ba.

Wannan aikin na wasu littattafan addinin ne daban, waɗanda ake kira Agama. Masu bautar Shiva, ɗaya daga manyan allolin Hindu, suna da manyan littattafan Agama 28, masu bautar wani babban allansu, Vishnu, kuwa sun kasu gida biyu: haikalin garin Tirupati yana bin tsarin Vaikhanasa, na garin Srirangam yana bin tsarin Pancharatra. A cikin littattafan Agama ake samun awon ginin, irin dutsen da za a sassaƙa, da lokutan ibada. Ana karɓar abin bauta kamar babban baƙo, da hidimomi 16: wurin zama, ruwan wanke ƙafa, wanka, tufafi, furanni, turare, fitila, abinci da sauransu.

Abin da ke kawo ruɗanin shi ne, limaman suna karanta baitocin Veda yayin da hannayensu ke bin tsarin Agama.