A fara da dukanci da Hausa

Na karanta wannan shawara ta a bar ƴan koleji su zaɓi wasu darussa da kansu, kuma ina bayanta. Amma a zaɓi me? Yaro yakan yi shekara huɗu daga siziyam zuwa turwaziyam, komai nasa na kan jarrabawar BEPC ta kammala koleji, in ya faɗi sai ya koma gida hannu rabbana.

Mu nan Damagaram da fata aka san mu. Ku shiga Birni ku ga dukawa na yanka jar fatar akuya, suna ɗinka jaka da alabe, yawancinsu furfura ta fito. Me zai hana a kawo su aji sau ɗaya a mako? Sai kuma Hausa: tun 2025 ta zama harshen ƙasa a Nijar, amma ɗan koleji nawa ne zai rubuta wasiƙa da ita ba kuskure?

Masu kiran a koyar da kwamfuta, Allah ya ba ku haƙuri. Ajin zana da babu lantarki, a ina za a jona ta? A fara gina azuzuwa, a biya malaman kwantaragi albashinsu kan lokaci tukuna.