Man taransfoma da ake sacewa, ina yake zuwa?

Duk lokacin da ɓarayi suka fasa taransfoma a unguwa, kukanmu ɗaya ne: an bar mu cikin duhu, ga karo-karon kuɗin gyara. Ba mai tambayar inda man da aka tsiyaye ya nufa, alhali nan ne babbar matsalar take.

Kwanan baya na tsaya wurin wani mai walda a Kakuri, Kaduna. Injinsa irin haɗin gida ne, a jiƙe cikin man taransfoma don kada ya yi zafi. Yaronsa ya tsoma hannu har gwiwa yana gyara waya, ya goge a wando, ya ɗauki burodi. Wani dattijo da ke zaune ya ce ai man maganin sanyin ƙashi ne, shi ma yana shafawa.

Da yawa daga cikin tsofaffin taransfomomi, waɗanda aka ƙera kafin 1980, suna ɗauke da wani sinadari mai suna PCB a cikin mansu. An so shi ne saboda ba ya kama wuta da sauƙi, ba ya lalacewa. Rashin lalacewar nan ita ce illarsa: idan ya shiga jiki sai ya maƙale a kitse shekara da shekaru, uwa ta shayar da shi ga jariri. Idan ya malala a kwata ya gangara Kogin Kaduna, kifi ya tara mana shi. Yana taɓa hanta da fata da garkuwar jiki, kuma a 2013 sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ya sa shi a jerin abubuwan da ke haddasa cutar kansa. A Japan, a 1968, ya gurɓata man girki, mutane fiye da dubu suka kwanta, aka haifi jarirai da fata ta yi duhu.

Amurka ta haramta ƙera PCB tun 1979. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Stockholm kan sinadarai masu guba a 2004, wadda ta sa 2025 a matsayin wa'adin daina amfani da shi a na'urori irin su taransfoma.

Gaskiya ba kowane man taransfoma ke da shi ba. To amma ido ba ya bambancewa, kuma galan ɗin ɓarawo ba ya zuwa da takarda. Shi ya sa nake ganin NESREA, hukumar tabbatar da dokokin muhalli ta ƙasa, da kamfanonin wuta su gwada man tsofaffin taransfomomin Kaduna, su liƙa alama a jikin masu gubar. Sannan a je wurin masu walda da makanikai a yi musu bayani da Hausa, a rediyo da bakin shagunansu, tunda su ne hannunsu ke ciki kullum.